Gurbi a Gindin Sanda

Yayana Masanobu ya samar wa Baba ɗaki a gidan tsofaffi a Osaka. Ɗaki mai tsabta, in ji shi, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ta waya ya gaya min, ina Kanada, inda na je karatu na kuma zarce da zama. Na ce ya dakata. Na ɗauki hutu a wurin aiki na dawo ƙauyenmu, a gaɓar arewa ta tafkin Biwa, daidai lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu.

Sunan mahaifinmu Tokuji. Masunci ne tun yana yaro. Bayan rasuwar Mama shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ya tashi, amma hannun dama bai dawo ba, ƙafar ma jan ta yake yi. Likita ya hana shi fita ruwa shi kaɗai, ya hana shi taɓa inji. Jirginsa na katako ya tsufa, ba mai saye, sai Masanobu ya sa aka farfasa shi. Baba bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa katifarsa ya juya fuska ga bango, a haka na same shi.

Masanobu bai ɓoye min komai ba. Ya ce, “Zan zo lokacin bikin Obon, mu share kabarin Mama. In na tarar da shi kwance yadda na bar shi, ƙafata ƙafarsa. Ke ma hutunki ai ƙarewa zai yi, Kanae. Kada ki zo ki yi mana jarumtar 'yan watanni ki bar ni da sauran.”

Gaskiya ya faɗa.

Na gwada abinci, na gwada fita shan iska. Maƙwabcinmu Heisuke, wanda suka yi shekaru suna zagin juna a kan ruwa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kira shi rago, ya kira shi matacciyar tarwaɗa. Baba ko motsi. Rannan ina wanke kwanuka na hango wani farin ƙyallen kwale-kwale yana tafiya a hankali can tsakiyar tafki. Na goge hannu na shiga ɗakinsa.

“Baba, za mu sayi kwale-kwale.”

“Na me?”

“Na yawo. Ƙarami, mai ƙyalle, iska ke tura shi. Likita inji ya hana, bai hana iska ba.”

Bai juyo ba. Can ya ce wa bango, “Yawo. Mutum ya shiga ruwa ba koma ba ƙugiya, ya je ya dawo hannu wofi. Wannan ai aikin 'yan Kyoto ne masu farar hula.”

“Ni zan ja igiya, kai ka riƙe matuƙi da hagu kana juya jirgin.”

“Ke kin iya?”

“A can na koya.”

“A can,” ya ce. “Ruwan can ma ruwa ne?”

Washegari na ji shi yana aski. Ya yanke kansa wuri biyu, bai nemi taimako ba.

Mun fara da kudancin tafki, inda masu hali ke ajiye jiragen shaƙatawa. Dillalin, wani mutum mai suna Uematsu, rana ta ƙona shi, yana sanye da gajeren wando. Ya fara nuna mana wani siririn fari, ya ce da shi ake tsere. Baba ya tura shi da sandarsa, jirgin ya yi rawa a kan ruwa.

“Wannan jirgi ne ko faranti?”

“Gudu gare shi, Baba.”

“Zuwa ina? Ƙasan tafki?”

Uematsu ya yi dariya irin ta mai son ciniki, ya ja mu gaba. Na biyun shuɗi ne, mai faɗin ciki, da benci hagu da dama, da ƙyalle guda ɗaya wanda aka ɗaga sosai yadda itacen ƙasansa ba zai bugi kan mutum ba. Ina ganinsa na san shi muke nema. Mai ƙafa ɗaya zai iya shigarsa a zaune. Uematsu ya bubbuga jikinsa ya ce roba ce riɓi biyu, da iska a rufe a tsakani.

“Ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa. Ko ya kife, 'yarka za ta iya tayar da shi ita kaɗai. Iskar nan ta ciki ita ce ransa. Muddin ba a huda shi ba, jikokinka ma za su hau.”

Baba ya ba ni sandarsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ja jiki zuwa goshin jirgin, inda doguwar sandar ƙyalle take tsaye. Ya ƙwanƙwasa gindinta da bayan yatsa. Ya ƙwanƙwasa gefe da gefe. Ya kara kunne.

“Ina katakon?”

“Babu katako ko ɗanɗani, Baba. Shi ya sa ba ya ruɓewa.”

“Ina ka taɓa ganin mai rai da ba ya ruɓewa?”

Uematsu ya dube ni. Ni na san abin da Baba yake nema. A ƙauyenmu kowane jirgin katako yana da gurbi a jikin gungumen da ke riƙe sanda. Ranar da za a fara saka jirgi a ruwa, masassaƙi ya kori kowa, ya sa gashin matar mai jirgi a ciki, da 'yan ƙwayoyin hatsi, da 'ya'yan lido biyu na katako, ya toshe. Daga nan jirgi ya sami mai shi, kurwar da ke tsaronsa. Tsofaffi sun ce in hadari na zuwa takan yi ɗan kuka kamar na gyare, mai kunne ya juya gida. Sun ce kuma in jirgi zai halaka, ita take fara fita. Gashin Mama an yanke shi shekarar aurensu. Ranar da aka farfasa jirginmu, Baba ya je da hannu ɗaya ya ciro ƙunshin, a cikin farar takarda. Yanzu yana falo, a gaban hotonta, kusa da kaskon turaren wuta.

A mota na ce, “Sai mu sa shi a jakar da ruwa ba ya shiga, mu ɗaure a jikin sanda.”

“Mahaifiyarki busasshen kifi ce da za a rataye?”

“To a aljihunka.”

“Tuƙa motarki.”

Na uku Heisuke ne ya ba mu labarinsa. Yana rumfar wata gwauruwa a gaɓar yamma. Mijinta malamin makaranta ne, ya sa an sassaƙa masa shi tun da daɗewa, ya mutu ya bar shi a ƙarƙashin tamfol. Muna yaye tamfol ɗin na ga fuskar Baba ta canza. Katako ne tun daga goshi har baya, ja-ja kamar shayi. Ya yi ta shafa shi. Ya sami gungumen gindin sanda, mai kauri, ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta dawo a cike.

“Kin ji? Wannan jirgi ne.”

Matar ta kawo mana shayi da wainar shinkafa. Ta ce mu ɗauka kawai, ita wurin take so ta ajiye albasa. Na zaga ta ƙasa na danna makullin mota a jikin katakon da ke taɓa ruwa. Ya shige kamar a dafaffiyar kabewa. Na gwada gaba kaɗan, haka. Baba yana kallona.

“Allo huɗu ne ko biyar,” ya ce. “A cire a sa sababbi.”

“Wa zai sa?”

Masassaƙin jirage na ƙarshe a yankinmu ya mutu tun ina makaranta, ɗansa yana sayar da inshora a Nagoya. Baba ya san haka. Da kansa yake gyara jirginsa a da. Ya dubi hannunsa na dama, wanda yake rataye a gefensa da yatsu a lanƙwashe. Ya shanye shayinsa, ya yi wa matar godiya, ya taimaka min da hagu muka mayar da tamfol.

Shuɗin muka saya. Uematsu ya kawo shi a bayan mota, ya ƙara mana rigunan ruwa biyu.

Ranar farko Heisuke yana zaune a jirginsa yana gyaran koma. Da ya ga Baba cikin rigar ruwa mai ruwan lemo, ya ajiye komar ya riƙe ciki.

“Toku! Wa ya sa maka rigar 'yan makaranta? A ina za a yi bikin?”

“A gidanku. An ce yau ka kama kifi.”

“Wannan bahon wanka fa? Ka zo da sabulu?”

“Na bar maka. Tun daga nan nake jin warinka.”

“Kanae, ki riƙe shi da kyau, kada iska ta kai mana shi Kyoto su sa shi a gidan tarihi!”

Baba ya zauna a benci ya kama matuƙi. Na ja igiya, ƙyalle ya cika, gadar katakon da ake ɗaure jirage ta fara ja da baya. Muka yi nisa. Sannan ya ce in sassauta, iska za ta juya. Ban ga alamar komai ba. Ta juya.

Haka muka yi damina. In gari ya waye ba ruwan sama, mu fita. Ya fara cin shinkafa kwano biyu. Ya buɗe garwar kifin da Mama ta jiƙa cikin shinkafa kafin ta kwanta ciwo, gidan ya ɗau tsami har kwana uku, ya ci da giya kaɗan. Ya koma zagina a kan yadda nake ƙulla igiya. Amma akwai iyakar da bai taɓa wucewa ba. Daga gaɓarmu akwai jerin turakun tarkon kifi da suka miƙa cikin tafki, can gaba da su kuma akwai wani tsibiri. Duk sanda muka kai turken ƙarshe, sai ya tura matuƙi mu juyo.

“Iska na da kyau, Baba. Mu ƙarasa tsibiri.”

“A'a.”

“Tsoro kake ji?”

“Jirgin nan kurma ne kuma bebe. Ba kowa a ciki. Ba na shiga zurfi da kango.”

Na bar shi. Zagayen turaku ma ya ishe ni abin nuna wa Masanobu. Shi bai ishe shi ba. Da Obon ya matso, bikin da ake cewa ruhohin magabata suna ziyartar gida, sai ya fara lissafi da baki. Wai yaron nan zai tsaya a gada ya ga ubansa yana kewaya tarko kamar agwagwar gida, ya ce a, lallai tsoho ya zama abin lallaɓawa. Wai in za a nuna, a nuna tsibiri.

Ana saura kwana biyu kafin zuwan Masanobu, na shiga gari sayen furanni da kayan miya. Na daɗe, layi ko'ina. Da na dawo na tarar da Baba a bakin famfo yana wanke hannu, da wani farin gari a gwiwar wandonsa. Yana 'yar waƙa a maƙogwaro. A daren aka fara ruwa, aka wuni ana yi washegari. Jirgin yana ɗaure a gada, ruwan sama ya taru a cikinsa. Na yi niyyar kwashewa da safe.

Masanobu ya iso da takalmin ofis da kwalin alewa. Muka je kabari muka wanke dutsen, muka sa furanni. A gida na jera wa Mama kokwamba da yalo masu ƙafafun tsinke, abin hawanta na zuwa da na komawa. A nan na ga wurin farar takardar wayam.

Na sami Baba a zaure yana sa takalmin roba.

“Ina ƙunshin?”

“Ba a tambaya.”

“Baba, me ka yi?”

“Ba a tambaya, na ce. Mace ma ba ta gani. Ɗauko rigunan.”

Masanobu yana bayanmu, yana duba wayarsa. Ya ɗaga kai ya ce, “Lafiya?” Na ce lafiya.

A gada na sami jirgin da ruwa kaɗan a ciki, bai kai yawan wanda aka zuba jiya ba. Na kwashe sauran. Goshinsa ya ɗan yi ƙasa. Na duba jikin sanda, babu jaka. Na leƙa ƙarƙashin rufin goshi, duhu, ga igiyar anga an naɗe ta da kyau an ɗora a daidai gindin sandar. Ba a nan muke ajiye ta ba. Na miƙa hannu.

“Bar ta,” in ji Baba a hankali.

Masanobu yana tsaye a kanmu, hannu a aljihu. In na ɗaga igiyar na ga abin da nake zato, magana ta ƙare a nan: tsoho ya huda sabon jirgi ya cusa gashi, wane likita ne ba zai sa hannu ba? In na ce yau ba za mu fita ba, ita ma ta ƙare. Tafkin yana kwance. Iska kaɗan ce. Na ɗaure wa Baba rigarsa, na ja maɗaurin har sai da ya yi tsaki.

Heisuke ya ɗaga murya daga jirginsa. “Masanobu, ka zo ganin babanka a baho? Tsaya ka ga gudu. Jiya kunkuru ya wuce shi har ya waiwayo ya gaishe shi.”

“Kifi na ganinka, mai jar koma,” in ji Baba. “Shi ya sa ba sa zuwa.”

Muka tashi. Jirgin yana da nauyi, yana amsa matuƙi a makare, kamar mai barci. Baba bai damu ba. Ya zauna a miƙe, haɓa sama. Muka bi turaku ɗaya bayan ɗaya. Da muka kai na ƙarshe bai ko dube shi ba. Ruwan ya sauya daga kore zuwa baƙi-baƙi. Na waiwaya, Masanobu ya zama ɗan tsinke a kan gada, ya cire hannu daga aljihu yana kare rana.

“Yana kallo?”

“Yana kallo.”

“To ya kalla.”

Sai ƙananan igiyoyin ruwa suka fara dukan goshi suna fantsamowa ciki. Abin da ya shigo ba ya taruwa a ƙafafunmu. Gaba yake gangarawa ya ɓace. A lokacin na ji ƙarar. Siririya ce, tana fitowa daga gindin sanda, tsit, tsit, tsit, duk sanda goshin ya sunkuya.

Baba ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, har ya saki matuƙi.

“Kin ji? Kanae, kin ji ta?”

Na ji. Iska ce take fita ta gefen matoshi, ruwa yana maye gurbinta. Katako a jikin katako yakan kumbura ya kama. A jikin roba ba abin da zai kama.

“Baba, mu juya.”

“Shekara nawa ban ji ta ba.” Idonsa ya kawo ruwa. “Ta yarda da shi. Na ce ba za ta yarda ba, ga shi ta yarda.”

“In ta yi kuka ai juyawa ake yi. Kai ka faɗa.”

Ya dube ni, ya dubi duwatsun yamma. Wani duhu yana gudu a kan ruwa yana nufo mu. Ya gan shi kafin ni. Ya kama matuƙi ya tura, daidai yadda ya kamata, ni kuma na saki igiya. Da jirgin lafiya yake, da mun ɗan karkata mun miƙe. Ya karkata. Na ji ruwan da ke cikin cikinsa ya gangara gefe guda gaba ɗaya. Bai miƙe ba, muka faɗa ruwa.

Ruwan bai yi sanyi sosai ba. Na fito na ga rigar lemo, na cafki wuyanta. Baba ya sha ruwa, yana tari, amma idonsa biyu. Jirgin bai kwanta a gefe yadda Uematsu ya ce ba. Goshinsa ya yi ƙasa, bayansa ya ɗaga sama, yana ta fitar da kumfa. Na ja Baba muka kama gefen matuƙi.

Wani ɗan katako mai kusurwa huɗu ya ɓullo kusa da mu. An goge shi sumul, an shafa masa shuɗin fenti. Da hannu ɗaya Baba ya yi wannan. Bayansa 'ya'yan lido biyu suka taso. Sai farar takardar, ta riga ta jiƙe, tana warwarewa.

Baba ya miƙa hannu. Hagunsa na riƙe da jirgi, don haka damar ya miƙa, wadda ba ta buɗewa. Yatsunsa suka taɓa takardar suka ture ta. Ta buɗe. Gashin ya bazu a kan ruwa, baƙi wuluk, dogo, na yarinyar da ban taɓa sani ba. Ni da furfura na san Mama. Ya ɗan tsaya a sama, sannan igiyar ruwa ta bi ta kansa. Ina riƙe da wuyan rigar Baba, ban sake shi ba.

Heisuke ne ya zo da injinsa, da Masanobu a tsugune a gaba, takalmin ofis cikin ruwan kifi. Suka jawo Baba kamar buhu. Heisuke ya cire rigarsa ya lulluɓa masa. Ya buɗe baki, na ga zagin ya zo masa har leɓe don sabo, ya haɗiye. Ya ɗaura wa shuɗin jirgin igiya muka ja shi a hankali har gaɓa.

A gida Masanobu ya yi faɗan da ya kamata ya yi. Ni ya yi wa, a kicin, da murya ƙasa-ƙasa.

“Kin sani?”

“Na yi zato.”

“Kin yi zato. Da digirinki da komai, kin yi zato, kika ɗauki tsoho mai hannu ɗaya kika kai shi tsakiyar tafki.”

“Da na faɗa, da yanzu kana haɗa masa kaya.”

“Da yanzu ba na rawar jiki!” Ya zauna a kan kujera. Can ya ce, “Na gan shi fa. Kafin ku kife. Yadda ya zauna. Rabon da in gan shi haka tun ina firamare.” Ya goge fuska. “A kira mai jirgin nan ya liƙe ramin. Mu jira zuwa lokacin kaka. Ban ce na fasa ba, na ce mu ga kaka.”

Na kira Uematsu. Da na gaya masa, ya ce aikin wuni ɗaya ne, ba zai ma nuna tabo ba.

Da safe na kai wa Baba labarin tare da shinkafa da miya. Ba a kwance yake ba. Yana zaune a gaban hoton Mama, ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa gari. Na gaya masa abin da Uematsu ya ce, da abin da Masanobu ya ce. Ya saurara har na gama. Sannan ya ɗaga murya.

“Masanobu.”

Yayana ya leƙo.

“Ɗakin nan yana nan?”

“Wane ɗaki, Baba?”

“Mai kallon motoci.”

Masanobu ya dube ni. Na ce, “Baba, ba ka ji ba ne? An ce ka zauna. Jirgin zai gyaru.”

“Ta fita.”

“Ruwa ne ya turo matoshin. Katako ba ya kama roba, shi ke nan. Ba wanda ya fita.”

“Ta yi min magana, ta ce in juya, na tsaya surutu. Ta fita.” Ba da ɗaci ya faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin kifi. “Ke kin yi karatu, na sani. Ruwa ne. To ruwan ya tafi da ita.”

“Sai a sa wani. A sa wa jirgin gungume na gaske, Uematsu zai iya, a yi gurbin a ciki yadda ba zai taɓa iskar ba.” Na kama gashina, bai wuce kafaɗa ba. “Ga nawa. Kawo almakashi, Yaya.”

Baba ya dube ni sosai, irin kallon da yake yi wa sama kafin ya kwance jirgi.

“Na macen da ke zaune a gidan ake sawa,” ya ce. “Don jirgi ya san inda zai dawo. Ke yaushe za ki koma?”

Ina da amsa. Tikitina yana cikin jaka tun ranar da na zo. Da na ce na fasa, da ya gane ƙarya ce kafin in rufe baki.

“Ƙarshen wata,” na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ja kwanon shinkafar ya fara ci da hagu, yana zubarwa kaɗan.

Da yamma aka sallami magabata. Mutanen ƙauye suka sauka gaɓa da fitilun takarda suka sake su a kan ruwa. Ni da Masanobu muka kai ta Mama. Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Shuɗin jirgin yana kife a kan tsakuwa, har lokacin ruwa na ɗiga daga ramin. Ramin daidai yake, kusurwa huɗu, ba karkata.

Kayansa ba su cika bayan mota ba. Ya ɗauki hoton Mama, ya bar kaskon turaren, don an ce a can ba a kunna wuta. Heisuke ya zo da kifi a ƙunshe cikin jarida, ya tsaya a gefen mota yana murza hula.

“Toku, in ka je ka gaya musu kai masunci ne. Ba wanda ya san ka a can, za su yarda.”

“Ka kula da turakun nan,” in ji Baba. “Na ukun daga ƙarshe ya fara kwanciya.”

Hanyar Osaka tana bin bakin tafki tafiya mai nisa, ruwan yana hannun hagu. Na buɗe masa ƙofar wannan gefen. Ya zaga da sandarsa, yana jan ƙafa, ya shiga ta ɗaya ƙofar.